Kaza a Gefen Allo: Tarken Fasahar Zauren Bidiyo Daga Majigi Zuwa Faifan Fatimah Tuggar

Kalmar majigi ta daɗe a bakin Bahaushe har an manta cewa baƙuwa ce. Asalinta sunan wata fitila ce ta Turawa mai haska hoto a bango, sai sunan ya bi motar gwamnati da ke shiga garuruwa da injin wuta da farin ƙyalle a zamanin mulkin mallaka. A kafa ƙyallen a ƙofar fada ko a filin kasuwa, a jira duhu ya sauka, tafinta ya ɗauki lasifika yana bayani. Abin da ake nunawa bai wuce tsafta da noma da girman daular Ingila ba, irin su fim ɗin Baban Larai da ya koyar da noman auduga. Brian Larkin ya bi diddigin wannan tarihi a Kano cikin littafinsa na 2008, Signal and Noise, inda ya nuna cewa majigi kayan mulki ne kamar yadda layin dogo da rediyo suke.

Baturen da ya fi kowa tsara wannan aiki shi ne William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas, wanda aka ba jagorancin hukumar shirya finafinan ƙasashen mallaka da aka kafa a 1939. Ra'ayinsa shi ne idon ɗan Afirka bai iya bin hoto mai sauri ba, don haka a tafi da fim a hankali, kada a yi dabarar kyamara, a kawo mai wayo da wawa a jere domin darasi ya fito sarai. Akwai wani labari da masu irin wannan aiki suka daɗe suna maimaitawa, har Marshall McLuhan ya kawo shi a littafinsa na 1962. An nuna wa mutanen wani ƙauye fim a kan zubar da ruwan da ke kwanciya a gwangwanaye, da aka tambaye su abin da suka gani sai suka ce kaza. Masu fim ɗin ba su san da wata kaza ba, sai da suka koma suka duba suka tarar lalle ta gilma ta gefen hoton na ɗan lokaci. Turawan sun ɗauki wannan a matsayin shaidar jahilci. Ni a karatuna, mutanen ƙauyen sun gano abu ɗaya tak da ba a shirya ba a cikin fim ɗin gaba ɗaya. Kowane motsi na mai zubar da ruwa umurni ne, kazar ce kaɗai ta shigo da ƙafarta.

Daga wancan zamani allo ya yi ta ƙanƙancewa yana yawaita. Ya shiga gidajen silima, ya shiga ɗakuna da kaset ɗin bidiyo bayan fitowar Turmin Danya a 1990, yau ga shi a tafin hannun ɗan acaɓa da mai sayar da albasa. A Malisa, kamar a Gwandu da Kalgo, da wuya dare ya yi ba ka ga fuskoki sun yi haske a bakin titi ba. Abin da bai sauya ba shi ne hannun da ya yanka hoton ya jera shi yana ɓoye. Mai kallo yana ganin labari a kammale, ba ya ganin abin da aka zubar, ba ya ganin wanda ya biya kuɗin, ba ya ganin dalilin da ya sa wannan hoto ne ya iso gare shi ba wani ba. Fasahar da wannan maƙala ke tarke ta taso ne da alwashin fito da wannan hannu fili, kuma ma'aunin da zan auna ta da shi ke nan: shin ta bar ɗinki a bayyane, ko kuwa ita ma ta ɓoye nata?

Na kira ta zauren bidiyo saboda shigarta ake yi. A silima mutum yana zaune a kujera, allo ɗaya ne a gabansa, fim yana da farko da ƙarshe. A zauren bidiyo kuwa mai fasaha yana tsara ɗakin ne dungurungum. Alluna na iya zama uku ko shida, wasu a rataye a tsakiya, sauti yana zuwa ta kusurwoyi dabam-dabam, hoton yana juyawa ba tsayawa, mai kallo ne ke zaɓar inda zai tsaya da lokacin da zai fita. Duk inda ya fuskanta ya ba wani allo baya. Wannan ɗan ƙaramin abu yana da nauyi, domin jikinsa ne ke gaya masa cewa gani zaɓi ne, kuma duk zaɓi yana da abin da ya bari.

Nam June Paik, ɗan ƙasar Koriya da ya rasu a 2006, shi ake kira uban wannan fanni. A 1963 ya jera akwatunan talabijin da ya lalata da gangan a wani baje koli a garin Wuppertal na Jamus. A 1965 ya ɗora ƙaton maganaɗisu a kan akwatin talabijin, hoton ya murɗe ya zama zare-zaren haske. A 1974 ya zaunar da gunkin Buda a gaban akwati, ya kafa kyamara tana ɗaukarsa, gunkin yana kallon kansa har abada. Wanda ya taɓa ganin matashi yana duba hotonsa a waya yana jiran wanda zai yaba, ba ya buƙatar dogon sharhi a kan wannan aiki. Sai dai Paik ɗin nan ne kuma ya gina hasumiyar talabijin 1,003 a lokacin wasannin Olamfik na Seoul a 1988. Tun daga tushe, ke nan, fannin yana da zuciya biyu: yana sukar allo, yana kuma shauƙinsa.

Aikin da ya fi kowane nuna abin da zauren bidiyo zai iya, a ganina, shi ne The Sound of Silence na Alfredo Jaar, ɗan ƙasar Chile, wanda ya fito a 2006. Jigonsa hoton nan ne da Kevin Carter ya ɗauka a kudancin Sudan a 1993, na ƙaramin yaro da yunwa ta durƙusar, ungulu na tsaye a bayansa. Hoton ya sami babbar kyautar aikin jarida ta Amurka a 1994, kuma a cikin shekarar Carter ya kashe kansa. Jaar ya gina ɗaki mai duhu, mutane kaɗan ke shiga a lokaci guda. Kusan minti takwas ba abin da ke fitowa a allo sai gajerun jimloli, ba murya, ba kiɗa, suna ba da tarihin mai hoton. Can sai fitilun kyamara su walƙa a fuskar masu kallo, hoton ya bayyana na ƙiftawar ido, ya ɓace. Rubutun ya ci gaba ya faɗi kamfanin da ke riƙe da haƙƙin sayar da hoton. Jarida tana ba ka hoton ta hana ka tarihinsa. Jaar ya juya lissafin, kuma da walƙiyar nan ya ɗanɗana wa mai kallo abin da wanda ake ɗauka yake ji. Ba allo shida, ba ado, amma mutum ya fita ya san akwai mai ɗauka, akwai mai saye, akwai shi kansa mai kallo.

A ɗaya gefen akwai nutsarwa don nutsarwa. A Faris an buɗe wani tsohon gidan narkar da ƙarfe a 2018, inda na'urori sama da 100 ke zuba zane-zanen Klimt da Van Gogh a bango da ƙasa, ana kiɗa, baƙi suna ɗaukar kansu hoto suna turawa Instagram. Wannan kasuwa ce, ba ta kuma yi da'awar wani abu dabam ba, don haka ba sai an daɗe a kanta ba. Wanda ya fi wuyar hukunci shi ne The Enclave na Richard Mosse, da aka nuna a Benis a 2013. Mosse ya ɗauki yaƙin gabashin Kwango da wani fim da aka ƙirƙiro wa soja domin gano maɓoyar abokan gaba, wanda ke mayar da koren ganye ya zama ja-ja mai ɗaukar ido. Alluna shida ne a rataye, mai kallo yana ratsawa tsakanin 'yan tawaye da gawawwaki da tsaunuka masu launin fure. Hujjarsa ita ce duniya ta gaji da hotunan Kwango, sai an sauya musu launi za a sake dubawa. An duba ɗin. Amma abin da ke maƙalewa a zuciya launin ne, kuma mutanen da ke cikin hoton sun kasance yadda suke a labaran talabijin, ba suna, ba magana. Kyau ya rufe ɗinkin, mai kallo ya nutse bai ga hannu ba.

Da wannan ma'auni nake son duba aikin Fatimah Tuggar, wadda aka haifa a Kaduna a 1967, ta yi karatun fasaha a Landan da Amurka, ta kammala digiri na biyu a Jami'ar Yale a 1995. Ita ce mafi kusa da mu a cikin masu wannan fanni, kuma kayan aikinta kayan tsakar gidanmu ne. Ta fara da harhaɗa hotuna a kwamfuta. A Working Woman na 1997 wata mata ce zaune a ƙasa cikin atamfa, kewaye da kayan ofis, ga kwamfuta a gabanta, kuma a fuskar kwamfutar hoton matar ne da kwamfutarta, a cikinsa ma haka, har ido ya gaza. Tuggar ba ta goge bakin yankan ba. Hasken da ke kan matar dabam, na kan kayan dabam, girman abubuwa bai daidaita ba. Wanda bai fahimta ba zai ce rashin ƙwarewa ne, alhali kuwa nan salon yake. Hoton yana shelar cewa haɗa shi aka yi, kuma da zarar ido ya koyi ganin haka a nan, zai fara neman bakin yanka a hoton mujalla da na talla, inda aka goge shi tsaf.

A bidiyonta Fusion Cuisine na 2000 ta ɗauko tallace-tallacen Amurka na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ke nuna farar uwargida tana murmushi a madafi mai cike da na'urori, ta sarƙa su da hotunan da ta ɗauka na matan Nijeriya suna aikin gida. Mai gaggawa zai zaci mai wayo da wawan Sellers ne suka dawo, a ce ga ci gaba ga ci baya. Sarƙawar ce ke hana wannan karatu. Idan aka ajiye su kafaɗa da kafaɗa, matar tallar ce ke zama abin mamaki: murmushinta ba ya yankewa, madafinta ba hayaƙi, hannunta bai taɓa nuna gajiya ba, domin ba girki take yi ba, firji take sayarwa. Mai daka kuwa aiki take yi na gaske, da ƙwarewar da ake gani a kafaɗa. Majigi ya zo mana da gidan Bature a matsayin madubi. Tuggar ta ɗauki irin wannan hoto ta sa shi a gaban turmi, sai ya bayyana cewa shi ma wasan kwaikwayo ne.

Gwanintarta ta fi fitowa a Fai-fain Gramophone na 2010. Garmaho ne da aka ɗora wa faifan kaba, irin wanda mata ke rufe ƙwarya da shi, suke bakace, suke fifita, yana juyawa a inda baƙin faifan waƙa ya saba zama, muryar Barmani Choge tana tashi. Barmani, mutuniyar Funtuwa da ta rasu a 2013, da ƙwarya ake yi mata kiɗan amada, kuma yawancin waƙoƙinta a kan mata ne da sana'arsu. Ke nan kayan ɗaki ne ke juyawa, kayan ɗaki ne ke kiɗa, matan ɗaki ake wa waƙa. Kowa ya san kaba ba ta fitar da sauti, yaudarar a fili take, an gayyaci mai kallo ne ya yi dariya tare da mai aikin. Sai dai akwai wani zurfi da Bahaushe kaɗai zai kai gare shi ba tare da an yi masa bayani ba. Tun ranar da garmaho ya shigo ƙasar nan, harshen Hausa ya dubi baƙin abin nan mai zagaye ya kira shi faifai, har yau kuma muna cewa faifan bidiyo ko da babu wani abu mai zagaye a cikin waya. Tuggar ta ɗauki kwatancen da harshe ya riga ya yi ta mayar da shi abu mai taɓuwa. Baƙuwar na'ura ta ari sunanta daga hannun mata, ga shi an dawo musu da ita.

A 2019 gidan adana fasaha na Davis da ke Kwalejin Wellesley a Amurka ya shirya mata babban baje koli mai suna Home's Horizons, kuma a nan ta gabatar da Deep Blue Wells, wanda ya ɗauko siffar karofin Ƙofar Mata na Kano, marinar da ake cewa tana aiki tun 1498, ya haɗa ta da fasahar da ke ɗora hoton kwamfuta a kan abin da ido ke gani. A 2024 tana cikin masu fasaha takwas da suka wakilci Nijeriya a Benis, da wani aiki a kan ƙwarya. A nan nake da ja. Duk lokacin da na'ura ta ƙaru, hankalin mai kallo yana komawa kan na'urar, ya shiga mamakin yadda aka yi, ya bar tambayar me ya sa. Karofi wuri ne na warin baba da toka, na hannun da ya rine har gwiwa, na marinin da yadin kanti mai araha ya kwashe wa ciniki. Shuɗin da ke fitowa ta gilashi yana iya zama wani launin Mosse, kyakkyawa har ya mantar. Abin da ya ceci faifan garmaho shi ne talaucin kayansa. Ina ganin Tuggar ta fi kaifi a inda ta fi sauƙi, kodayake tambayar da take yi, ta wane ne ke da ikon kiran wani abu fasaha wani kuma gargajiya, ba ta dushe ba a ko'ina.

Wata hanyar ita ce ta Rahima Gambo, wadda ta karanta aikin jarida a Amurka kafin ta juya masa baya a hankali. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, hoton da ya zagaye duniya shi ne wanda masu satar suka saki da kansu, na 'yan mata zaune a ƙasa cikin dogayen hijabai. Masu garkuwa ne suka tsara shi, gidajen labarai suka yaɗa musu. Daga nan 'yar makarantar Arewa ta zama hoto guda. Gambo ta je makarantar Shehu Sanda Kyarimi a Maiduguri, wadda 'yan bindiga suka taɓa kai wa hari a 2013, ta fara da aikin rahoto mai suna Education is Forbidden, sannan a 2017 ta koma ta yi Tatsuniya tare da ɗalibai mata. A nan 'yan matan wasa suke yi, suna tafa hannu, suna zagaye, suna yawo cikin itatuwa da kayan makaranta a jikinsu. Sunan aikin ya faɗi matsayinsa, domin mai tatsuniya tana buɗewa da sanar da kai cewa ƙirƙira ce, tana rufewa da amsa cewa ƙarya ta yi. Rahoton talabijin bai taɓa yin wannan ladabi ba. Mu a Jihar Kebbi mun san nauyin wannan batu tun watan Yunin 2021, lokacin da aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Kyamarar waje ta san hanyar jiharmu sau biyu ne kawai: ranar da masunta suka faɗa kogin Matan Fada da gorunansu a bikin Argungu, da ranar da aka yi kuka.

Sai dai duk wannan suka a ina ake yin ta? Cibiyar da marigayiya Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007, wadda ta buɗe wa fasahar bidiyo ƙofa a Nijeriya, a Legas take. Ramukan rinin Kano a jihar Massachusetts aka gina su. Ƙwaryar a Benis aka nuna ta a 2024. Ɗalibin da ke Birnin Kebbi ko Sakkwato yana saduwa da waɗannan ayyuka ne ta guntayen bidiyo da hotuna a waya, wato ta cikin allon da aka yi su domin a tona masa asiri, kuma zauren da aka matse ya shiga waya ya daina zama zaure. Babu allon da za ka ba baya, babu duhu, babu walƙiyar Jaar a fuskarka, yatsa kawai ke turawa zuwa na gaba. Abin takaicin shi ne majigin Sellers, da duk rainin da ke cikinsa, ya ɗauki wahalar zuwa. Ya bi hanyar burji, ya nemi izinin hakimi, ya nemo tafinta. Amsar da 'ya'yanmu suka ba shi kuwa tana rataye a inda sai da biza ake shiga. Ba laifin Tuggar ko Gambo ba ne su kaɗai, kuɗin wannan fanni da masu sayensa a can suke. Amma mai tarke ba zai kau da kai ba, domin wurin da aka ajiye aiki yana cikin ma'anarsa, musamman aikin da ɗaki ne jikinsa. Wanda ya tsaya gaban garmahon a Amurka yana karanta takardar bango ne kafin ya san mene ne faifai, kuma wasan kalmar da ke zuciyar aikin yana wuce shi.

Kuma ba zaure muka rasa ba. Gidan kallon ƙwallo ɗaki ne mai duhu, sau da yawa da akwatuna biyu ko uku a jere kowanne da wasansa, janareta na ruri a waje, mutane suna shiga suna fita, suna juya kai daga wannan allo zuwa wancan, suna musu da alƙalin wasa. Masu kallon da suka saba da haka sun riga sun koyi rabin abin da zauren bidiyo ke buƙata. Fusion Cuisine ba ya neman fiye da abin da motar majigi ta ɗauko shekara 80 da suka wuce. Garmahon ma zai shiga bayan a-kori-kura. Da za a sauke shi a wani tsakar gida a Malisa, a gaban matan da ke saƙa faifai da hannunsu, ina zaton kafin a kai ga zancen Barmani wata za ta tsayar da shi, ta cire faifan, ta juya bayansa ta duba ko saƙar ta yi ƙarfi, ta tambayi nawa aka biya wadda ta yi shi.